Turaren Lemo da Itace a Zafin Accra: Yadda Ake Zaɓa, a Gwada, a Shafa

Duk wanda ya saba shiga tirotiro daga Nima zuwa Makola da tsakar rana a watan Maris ya san irin wahalar da turare mai nauyi ke ba na kusa. Oud da miski da humra suna da muhallinsu, babu kuma mai raba mu da su. Amma iskar Accra cike take da laimar teku, zufa ba ta bushewa da wuri, kuma duk ƙamshin da yake da zaƙi da maiƙo sai ya kumbura a jikin mutum har ya fara hawa wa jama'a kai. Wannan ne ya sa nake ba 'yan zango shawara, maza da mata, su ajiye kwalba guda ta turaren da aka gina a kan lemo da itace domin fitar rana. Maigida ya fesa, uwargida ta fesa, kowa ya kama harkarsa.

Sai dai babu turaren da ya kai shi yaudarar mai saye. Abin da hanci ke ji a shago ɓangaren lemon ne, shi kuwa ba ya daɗewa. Abin da za ka wuni da shi ɓangaren itacen ne, wanda ba ya fitowa sosai sai an jima. Kuɗinka a kan itacen za ka biya, saboda haka shi za ka jira ka ji kafin ka sa hannu a aljihu.

Da farko, san abin da ke cikin kwalbar

Ƙamshin lemo na turare ba daga ruwan lemon yake fitowa ba, daga man da ke cikin ɓawonsa ne. Tsaya kusa da mai sayar da lemo a bakin titin Mamobi tana fere ɓawo da 'yar wuƙarta. Ƙamshin nan da ke tashi ya cika wurin, shi ne ainihin abin da ake matsewa a zuba a kwalba. Sinadarin da ya fi yawa a cikinsa sunansa limonin, a man lemun zaƙi ya haura kashi 90 cikin ɗari. Ba shi da nauyi, da ya taɓa fata mai ɗumi sai ya bi iska. A ƙasashen sanyi ma da ƙyar yake wuce awa guda da ƙarfinsa, balle a nan tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa maki 32 ko 33 a ma'aunin Salshiyos.

Babban lemukan turare shi ne bargamot, wani lemo mai ɗaci da ba a shansa haka nan. Mafi yawan na duniya daga yankin Kalabriya na kudancin Italiya yake zuwa, maƙwabciyarmu Kodebuwa ma tana noma kaɗan. Wanda ya taɓa shan shayin Earl Grey ya san ƙamshinsa. Sai lemun tsami mai kaifi, da garehul mai ɗan ɗaci, da tanjarin mai zaƙi. Ita kuwa bishiyar lemo mai ɗaci mai iri uku take bayarwa: na ɓawo, na fure da ake kira neroli, da na ganye da ƙananan rassa da ake kira petitgrain. Biyun nan na ƙarshe sun fi man ɓawo jimiri. In ka ga sunansu a jikin kwali, sanyin lemon zai ɗan ja lokaci.

A ɓangaren itace, guda uku ne jigo. Akwai sida, wadda ake samu a tsaunukan Atlas na Maroko da kuma Amurka. Ta Amurkan ita ce busasshen ƙamshin da ɗalibi ke ji idan ya fere fensir. Akwai sandal, wanda duk mai haɗa turaren wuta ta sani. Na Maisur a Indiya ya fi suna, amma sara ya yi masa yawa har ya yi ƙaranci da tsada, yanzu da dama daga Ostireliya ake kawowa. Sai jema. Ita ba bishiya ba ce, saiwar ciyawa ce, 'yar'uwar jemar da muka sani a fadama, wadda matan Mali da Senegal ke jefawa cikin randar ruwan sha don ƙamshi. Masu turare suna lissafa ta cikin itatuwa saboda ƙamshinta na ƙasa da hayaƙi, kuma Haiti ce kan gaba wajen fitar da manta. A jikin kwali za ka ga waɗannan uku an rubuta su cedar, sandalwood da vetiver.

Kada ka yi mamaki idan aka ce maka yawancin itacen da ke turarukan yau a ɗakin gwaji aka haɗa shi. Sinadarin Iso E Super, wanda kamfanin haɗa ƙamshi na IFF ya samar a 1973, yana cikin turaruka masu tsada da masu araha bila adadin. Wannan ba aibi ba ne. Shi ke sa ƙamshin ya kama jiki ba tare da nauyi ba, kuma irin waɗannan sinadarai sun rage wa bishiyar sandal gatari.

Batun na maza ne ko na mata kuwa, tarihi ya raba gardama. Ruwan turaren lemo da Johann Maria Farina ya fara haɗawa a birnin Kolon na Jamus a 1709, maza da mata ne suka yi ta shafawa. Turaren CK One da ya fito a 1994 dawo da tsohuwar al'ada ya yi, da ya ce kwalba ɗaya ta kowa. Dubi wasu guda biyu: Light Blue na Dolce & Gabbana, na 2001, lemo ne da tufa a kan sida, aka rubuta na mata. Terre d'Hermès na 2006, lemun zaƙi ne da garehul a kan sida da jema, aka rubuta na maza. Tushensu bai yi nisa da juna ba, kuma kowannensu akwai ɗaya jinsin da ke shafa shi lafiya lau. Mu ma a gidajenmu ba baƙon abu ba ne. 'Yar kwalbar Bint el Sudan ko ta miski da ke kan madubin Hajiya, ita ce Alhaji ke miƙa hannu ya ɗauka ranar Juma'a.

Mataki na ɗaya: wane irin mutum kake so a ji ya wuce?

Turare yana yi wa mai shi magana tun kafin ya buɗe baki. Wanda ya sha oud da humra, an san ya fito ne a gan shi, kuma a ranar biki hakan daidai ne. Shi kuwa lemo da itace wani mutum daban yake kawowa a rai: wanda ya yi wanka da asuba, ya sa wankakkun kaya masu guga, ya fito da niyyar aiki. Lemon yana nuna kuzari da sakin fuska, itacen yana nuna natsuwa da kamun kai. Lemo sallama ce a bakin ƙofa, itace shi ne zaman da ke biyo bayanta. Mai irin wannan ƙamshi ba ya cinye ɗaki. Sai ka matso za ku gaisa ka ji shi, kuma abin da zai zo maka a rai shi ne tsabta, ba ado ba.

Shi ya sa ya dace da malamin makaranta da ke rufe a aji da yara, da ma'aikaciyar banki a Ridge, da direban da ke ɗaukar fasinja, da mai shago da ke mu'amala da kowane irin mutum, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Ga da Ashanti. Ƙamshi ne da ba ya neman kowa da faɗa.

A cikinsa ma akwai hali-hali, kuma a nan ra'ayina nake faɗa. Lemun tsami a kan jema busasshe ne, ba wasa a cikinsa, ya yi kama da mutum mai cika alƙawari da ba ya son dogon surutu. Lemun zaƙi ko tanjarin a kan sandal yana da taushi da ɗumi, na mai fara'a ne da jama'a ke son zama kusa da shi; mata da yawa nan suka fi karkata, dattawa ma yana yi musu kyau. Garehul a kan sida kaifi gare shi, na matashi ne mai zafin nema. Bargamot da ɗan masoro ko citta a tsakiya, sannan sida da ɗigon oud a ƙasa, shi ne na wanda yake son sauƙin rana amma ba ya son ya rabu da ƙamshin gida kwata-kwata. Zaɓi ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan tun kana gida. Wanda ya shiga shago ba da niyya ba, abin da mai shago ke son rabuwa da shi zai fito da shi.

Ka kuma san inda ba ya aiki. Daren biki a Nima ko Sabon Zango, inda kowace mace ta fito da humrarta, kowane namiji da oud ɗinsa, wannan turare nutsewa zai yi ba a ji shi ba. Amarya ma ba shi take buƙata ba.

Mataki na biyu: na fesawa ko na mai

A jikin kwalbar fesawa akwai rubutun da ke nuna yawan man ƙamshin da ke ciki. Eau de Cologne yakan ɗauki kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, Eau de Toilette (EDT) kashi 5 zuwa 15, Eau de Parfum (EDP) kashi 15 zuwa 20, Parfum ko Extrait daga 20 zuwa sama. Ga yanayin Accra, EDP ko EDT mai kyau ya wadatar. Na Kolon yana da daɗi bayan wanka, amma ba zai raka ka azahar ba. Kada ka ɗauka mafi kauri shi ne mafi kyau: idan mai ya yi yawa, lemon ba ya tashi sosai, sai turaren ya kwanta.

Na fesawa kusan duk da alkohol ake narka su. Malamai sun saɓa a kan hukuncinsa. Wasu sun ɗauke shi najasa, da yawa kuma daga malaman zamani sun ce ba haka ba ne. Tambayi malamin da ka amince da shi ka bi abin da zuciyarka ta natsu a kai. In ka zaɓi na mai, irin ƙananan kwalaben murzawa na Al-Rehab da makamantansu, ko wanda ake aunawa a shago, to ka sani cewa lemo a cikin mai ba ya buɗewa kamar a cikin alkohol. Zai zauna kusa da fata, ya yi shiru, amma itacensa zai fi daɗewa.

Mataki na uku: gwaji, wanda shi ne komai

Je da safe, bayan wanka, ba turare a jikinka, ba kuma kayan da suka sha turaren wuta. Kada ka zaɓi ranar Laraba da kasuwar Nima ke ci ka bi ta layin masu yaji da kanumfari da busasshen kifi sannan ka ce za ka sansana turare. Hancin ya riga ya ƙoshi.

A shago, fara da takarda. Guda uku, in ya yi yawa huɗu. Bayan haka hanci ba ya bambancewa. In ya gaji, fita waje ka shaƙi iska ko ka sansana hannun rigarka. Daga cikin ukun ɗauki biyu ka sa a jiki, ɗaya a kowane hannu. A nan ne shawarar da ake bayarwa a ƙasashen waje ba ta yi mana aiki. Su a wuyan hannu suke fesawa, mu kuwa da azahar ta yi, alwala za ta wanke shi har gwiwar hannu. Fesa a damtse, sama da gwiwar hannu, inda ruwa ba ya kaiwa. Kada ka murza, bar shi ya bushe da kansa.

Daga nan sai ka yi sallama ka fita ba tare da ka sayi komai ba. Wannan ne wurin da kunya ke cin mutanenmu, musamman idan mai shagon dattijo ne ko sananne. Babu rashin ladabi a ciki. Ka ce, "Alhaji, bari in je in ji yadda zai zauna a jikina, in ya karɓe ni gobe zan dawo in sha Allah." Mai turaren da ya san sana'arsa zai ƙara ganin girmanka. In kuma a manyan shagunan Accra Mall ko na Osu ka gwada, fitar ta zama dole, domin sanyin na'ura yana riƙe lemo fiye da yadda titi zai riƙe shi. Fita ka bi rana, ka hau mota, ka yi zufa.

Sansana bayan kamar minti 15. Lemon yana nan, tambayar ita ce: ƙamshin ɓawon lemo ne na gaske, ko na sabulun wanke kwano? Mai arha yakan faɗa can. Bayan awa guda ka sake. Lemon ya fara janyewa, tsakiyar ta fito, ko fure ne, ko ganye, ko yaji. Kula ko akwai wani zaƙi mai kama da alewa da ya ɓullo, domin turaruka da yawa da ake kira na lemo da itace a nan suke komawa sukari, zafi kuma ya mai da su abin tashin zuciya. Sai gwaji na ƙarshe, bayan awa huɗu ko biyar, wajen la'asar. Abin da ya rage a damtsenka a lokacin shi ne turaren da za ka saya. In busasshen itace ne mai tsabta da ke haɗuwa da zufarka ba tare da ya yi tsami ba, ka dace. In babu komai, ko ya koma wani ƙarni mai kartar maƙogwaro, bar shi ko da farkonsa ya tafi da hankalinka.

Kada ka dogara da hancinka kaɗai. Hanci yana sabawa da ƙamshin da ke jikin mai shi cikin ɗan lokaci, har mutum ya rantse turaren ya tafi alhali na kusa suna ji. Wasu ma ba sa jin sinadarai irin su Iso E Super da wasu nau'o'in miski sam. Miƙa wa matarka ko mahaifiyarka hannu, ke kuma ki miƙa wa maigida ko yayarki. Tunda kwalbar ta mutum biyu ce, kowa ya gwada a nasa jikin, domin fata ta bambanta. Abin da ya yi taushi a jikin wani sai ya yi kaifi a jikin wani.

Hanya mafi tsira ita ce sayen ɗan tsiyaye, mil 5 ko 10, ka yi mako da shi. Masu sayarwa da yawa a Accra da Kumasi suna yin haka yanzu. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma asarar mil 5 ba ɗaya take da ta mil 100 ba.

Mataki na huɗu: raba na gaske da jabu

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai makamanci, wato turaren da wani kamfani ya yi da sunansa, yana bin salon wani mai tsada. Kamfanonin Daular Larabawa irin su Armaf da Lattafa da Rasasi suna da irin waɗannan, sunansu da adireshinsu na jikin kwali, wannan ciniki ne a fili. Akwai kuma jabu, wanda ya saci suna da kwalbar wani. Shi ne abin gudu, domin ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki, kuma a fatarka zai sauka.

Duba lambar da aka buga a gindin kwali, ta zo daidai da ta gindin kwalba. Duba ledar da aka naɗe kwalin, ta asali a ɗame take da tsabtar ninki. Karanta rubutun, jabu yakan yi kuskuren harafi. Murfi ya zauna daram, bakin fesawa ya fitar da raɓa mai laushi ba tsartuwa ba. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana, FDA, ita ke da alhakin rajistar kayan kwalliya, kuma mai shigo da kaya ta hanyar da ta dace ba ya jin haushin a tambaye shi. Fiye da duk wannan, dubi farashi. Turaren da ake biyan daloli masu yawa a kansa ba zai zo maka a kuɗin kwanon waake ba. Araha ba ta ado. In aljihu bai kai na asali ba, makamanci mai suna ya fi jabu sau dubu.

Girman kwalba: ɗauki mil 30 ko 50, sai fa idan ku biyu ne za ku riƙa sha kullum. Dalilin yana tafe a batun ajiya.

Mataki na biyar: shafawa

Busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi. Bayan wanka, musamman da sabulun salo da ke tsane maiƙo, shafa mai marar ƙamshi a wurin da za ka fesa. Vaseline kaɗan ya isa. Ɗanyen man kaɗanya yana da kyau ga fata, amma warinsa na hayaƙi yana danne lemo, sai dai tataccen. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wannan mataki ya fi muhimmanci.

Fesa a ƙirji ƙarƙashin riga, da damtse, da ƙeya. Uku ya isa ofis ko makaranta. In za ka wuni a waje, kamar sallar Idi a filin Independence da rana ke dukan kowa, ƙara ɗaya ko biyu a tufafi. Yadi ya fi fata riƙe lemo saboda ba shi da ɗumi, kuma kauri irin na batakari yakan kwana da ƙamshi. Amma ka fesa daga nesa, kamar kamu ɗaya, ka kuma fara gwadawa a cikin lafin riga. Na mai kuwa kada ya taɓa farar shadda ko siliki, tabonsa ba ya fita da sauƙi. Ranar Juma'a, ko a babban masallacin Kanda ko a na unguwa, tuna cewa kafaɗa da kafaɗa za a tsaya, kuma a sahu akwai mai asma da mai ciwon kai. Mai aiki a asibiti ya tsaya a fesa ɗaya ƙarƙashin riga, ko ya bari sai ya tashi.

Kada ka nemi lemo ya wuni. Ba halinsa ba ne, duk wanda ya ce maka nasa zai yi kwana biyu yana sanyin lemo, wani abu yake sayar maka. Maganin shi ne 'yar kwalbar aljihu. Bayan alwalar la'asar fesa sau ɗaya, sabon lemo ya hau kan itacen safe. A ganina wannan ne lokacin da turaren ya fi daɗi a duk wunin.

Akwai gargaɗin da ba na so a tsallake. Ɗanyen man bargamot da na lemun tsami da aka matse suna ɗauke da wani sinadari, bagaftin, wanda idan rana ta buge shi a kan fata yakan ƙona ta ya bar baƙin tabo mai daɗewa. Manyan kamfanoni suna cire shi ko su bi iyakar da ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, ta gindaya. Haɗarin yana ga ɗanyen mai da haɗin da ba a san asalinsa ba. Irin waɗannan a sa su inda tufafi ke rufewa, ba a wuya ko bayan hannu ba. Wadda fatarta ta yi laushi saboda mayukan ƙara haske ta ninka kula.

'Yar'uwa, ke naki akwai ƙarin magana. An ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa turaren maza shi ne mai bayyanannen ƙamshi da ɓoyayyen launi, na mata kuwa mai bayyanannen launi da ɓoyayyen ƙamshi, an kuma hana mace shafa turare idan za ta masallaci. Saboda haka kwalba ɗaya ce, amma shafawar ba ɗaya ba. A cikin gida, tsakanin maigida da 'yan'uwa mata, ki sha abinki yadda kike so. In fita ce, mayafi da hijabi ba wurin fesawa ba ne, domin su ne ke kaɗawa su kai ƙamshi nesa. Kada kuma ki fesa kai tsaye a gashi, alkohol yana busar da shi. A ɗankwalin zaman gida ya fi.

Haɗa shi da turaren wuta

Wannan dabara ce da ta fi ƙarfin duk wata kwalba. Da daddare ki ɗora kayan gobe a kan kabbasa, ki turara su da sandal zalla ko wanda aka haɗa da ɗan kajiji, ba mai yawan sukari da miski ba. Da safe a fesa turaren lemo a jiki. Hayaƙin ya riga ya ba kayan tushen itace, lemon kuma ya zo ya wartsake shi. Da haka ko ɗan Kolon mai arha sai ya yi kamar mai tsada. Humra mai nauyi kuwa ba ta jituwa da shi, a bar kowanne da ranarsa. Kuma kada a kuskura a fesa turare kusa da kasko mai garwashi ko murhun gas, alkohol yana kama wuta nan take.

Mai son ya haɗa nasa na mai zai iya farawa da ƙaramin abu. A kwalbar murzawa ta mil 10, zuba ɗigo 6 na man lemun zaƙi, 4 na sida, 1 na jema, sannan a cika da man jojoba ko tataccen man kwakwa da ba ya daskarewa. Lemun zaƙi na zaɓa saboda ba ya cikin masu ƙona fata a rana. Jema ƙarfi gare ta, ɗigo ɗaya ya wuce yadda kake zato. Rufe, girgiza, ajiye a duhu mako biyu su san juna. Gwada a ɗan wuri a damtse ka kwana ka gani kafin ka yawaita. Mai juna biyu ta tambayi likita tukuna, yara ƙanana kuma a bar su.

Ajiya

A duk turaruka, na lemo ne ke fara lalacewa. Zafi da haske da iskar da ke shiga kwalba suna sauya limonin, kuma da zarar ya sauya ba ƙamshi kaɗai ke ɓaci ba, yana iya jawo ƙaiƙayi. Kwalbar da ta yi rabi, rabinta iska ce, shi ya sa ƙarama ta fi. Kada a bar ta a mota, ko bakin taga, ko banɗaki, ko kan madubin da rana ke haskawa. Mayar da ita kwalinta, a sa a ƙasan durowar kaya, nesa da bangon da ke shan rana da kuma hannun yara. Firji yana taimakawa idan wuta tsayayya ce, amma inda ake yawan ɗaukewa da kawowa, sanyi da zafi za su yi ta musanya a kanta, durowa ta fi mata lafiya.

In turare ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, fesa biyu na farko a iska, domin wanda ya tsaya a bututu shi ke fara juyawa. Idan na bayansu ma ya zo da tsami ko warin fenti, ruwan kuma ya yi duhu fiye da da, lemon ya mutu. Jira minti goma a kan takarda. In itacen ƙasa yana nan da kyau, ana iya ƙarasa shi a labule ko darduma, amma kada ya sake hawa fata.